Tankin murjani na hannu: in saye, ko in bari?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Arkilla ne, nan Sakkwato. Na shekara biyu ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi cikin ƙaramin gilashi. Yanzu wani abokin yayana da ke Abuja zai bar ƙasa, shina son sayar da tankinshi na ruwan gishiri mai lita 250, da duwatsu da murjani da kifi shida da injunan duka, kuma kuɗin bai kai rabin na sabo ba. Ya ce tankin ya shekara huɗu shina aiki. Ni ban taɓa riƙe na ruwan gishiri ba. In saye ko in bari? In zan saye, mi zan duba, kuma ƙaƙa zan kawo shi Sakkwato?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya uku ka haɗa wuri ɗaya: ko cinikin ya yi, ko kayan na da lafiya, da ko abin da ke cikin tankin zai iso Sakkwato da rai har ya zauna. Ga amsata tun daga farko. Sayi gilashin da injunan idan sun ci jarrabawar da zan zayyana maka, amma murjanin da kifin ka roƙi mai su ya sayar wa masu kiwo a can Abuja. Kuma ko gilashin kada ka biya sai ka warware maganar zafi da wuta da ruwa a gidanka, domin a garinmu su ne ke cin kuɗi, ba gilashi ba.

Dalilin da ya sa na raba su shi ne murjani ba shuka ba ne, ba kuma dutse ba ne, duk da mu a nan mun fi saninsa a matsayin jan dutsen ado na wuya. Dabba ce mai rai, kuma a cikin naman jikinta akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ke karɓar haske su samar mata da mafi yawan abincinta. Da zarar ruwa ya yi zafi ko gishirinsa ya sauya da sauri, sai ta fitar da su, ta yi fari fat, daga nan sai mutuwa. Kifinka na ruwan daɗi yana yafe kuskuren kwana biyu ko uku. Murjani yana son zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, gishiri giram 35 a kowace lita, wato 1.025 zuwa 1.026 a kan ma'aunin gishirin ruwa, dare da rana, rani da damina. Idan ruwa ya kai digiri 29 zuwa 30 ya jima a nan, za ka fara ganin farin.

Gwajin da za ka yi kafin ka je Abuja

Sakkwato tana haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, wannan ba sai an gaya maka ba. Abin da ba ka sani ba tukuna shi ne nawa ruwa ke kaiwa a ɗakin da kake son ajiye tankin. Cika durom da ruwa a daidai wurin, jefa ma'aunin zafi, ka riƙa rubutawa da asuba da kuma bayan la'asar har mako guda. Duk abin da ka samu, ƙara masa digiri 1 zuwa 2, saboda famfuna da fitila suna zuba nasu zafin cikin ruwa. Idan gwajin ya faɗo a hunturu, kada ka yarda da shi, ganin kitse ne ake yi wa rogo.

Hanyar sanyaya ruwa uku ce. Mafi sauƙi ita ce ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa. Wannan aikin randa ne: ruwa na tashi sama yana tafiya da zafi, kuma busasshiyar iskarmu tana taimaka masa ƙwarai, har ya kan sauke digiri 2 zuwa 3. Amma zai riƙa shanye maka lita 5 ko fiye a rana, kuma da damina ta shigo iska ta yi laima sai ƙarfinsa ya ragu. Ta biyu ita ce na'urar sanyaya ruwa, wadda masu harkar ke ce wa cila. Ƙaramin firji ne da ruwan tanki ke ratsawa. Zafin da ya cire daga ruwa cikin ɗaki yake zubawa, don haka idan aka kulle shi a cikin kabad ɗin tankin, kansa yake dafawa. Yana son fili, kuma ragarsa tana son a kakkaɓe ta duk mako lokacin ƙura. Ta uku ita ce a sanyaya ɗakin baki ɗaya da iyakwandishan, ita ce ta fi kwanciyar hankali, ita ce kuma ta fi cin wuta. Ni a Sakkwato ba na ba kowa shawarar murjani da fanka kaɗai. Tambayi mai tankin ko akwai cila a cikin kayan. Idan babu, sa kuɗin sabo a lissafinka tun yanzu.

Sai wuta. Bari mu yi lissafi a kan tanki irin wannan. Famfon da ke mayar da ruwa daga tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban, zuwa na sama, da famfunan kaɗa ruwa guda biyu, da sikima, wato injin da ke fitar da datti ta hanyar kumfa, jimillarsu wajen wat 80 ne, kuma ba a kashe su. A awa 24 kusan yunit 2 ke nan. Fitila mai wat 120 a awa 9 ta ci yunit 1 da 'yan kai. Cila mai wat 300, idan ta yi aikin awa 10 a ranar bazara, yunit 3. Ka ga an doshi yunit 6 a rana. Batir ɗin inbata mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4 a takarda, amma irin mai ruwan batir rabinsa kawai ake ci idan ana son ya daɗe. Ke nan batir ɗaya zai riƙe famfunan dare guda, ba zai riƙe cila ba. Idan kana da sola, tsara abin yadda cila za ta yi aikinta da rana lokacin da faranti ke bayarwa, batir kuma ya riƙe famfuna da dare.

Idan aka ɗauke wuta, ba duhu ne ke kisa ba. Murjani yana jure kwana biyu ko uku babu fitila. Tsayawar ruwa ce matsalar: iskar shaƙa tana ƙarewa cikin 'yan awoyi, kuma ruwan gishiri mai ɗumi dama can bai riƙe ta da yawa. Saboda haka famfon kaɗa ruwa ɗaya ya zama yana kan layin da ba ya yankewa, sannan ka ajiye ƙaramin injin hura iska mai batir, da gorunan ruwa a rufe cikin firiza waɗanda za ka jefa su yi iyo ranar da komai ya tsaya.

Ruwa shi ne na uku. Na famfo, na rijiya, na burtsatse, da fiya wata, duk ba a haɗa ruwan murjani da su kai tsaye. Abin da ke narke a cikinsu, kamar naitiret da fosfet da ƙarafa, ba ya tashi sama tare da ruwa, taruwa yake yi har gansakuka ta rufe duwatsu. Ana amfani da matata mai suna RO/DI, a kuma auna abin da ta fitar da ɗan ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ke narke a ruwa, ya nuna sifiri. Matatar tana buƙatar matsin ruwa mai ƙarfi wanda tankin saman gida ba ya bayarwa, sai an haɗa mata famfon ƙarin matsi, kuma a kan kowace lita ɗaya mai kyau tana zubar da uku zuwa huɗu. Tara wannan ka yi wanki ko ban ruwan shuka. Gishirin ma ba na miya ba ne, haɗi ne na musamman mai kalsiyam da magniziyam da sauransu. Cikon farko zai ci kilo 9 ko kusa, sannan canjin lita 25 duk mako biyu zai ci wajen kilo 2 a wata. Kafin ka biya, tabbatar ka san wanda zai riƙa turo maka shi daga Legas ko Abuja.

Wani kuskure da sababbi ke yawan yi: ruwan da ya tashi sama, da ruwa marar gishiri ake cike gurbinsa, domin gishirin yana nan bai tafi ba. Lita 5 a rana daga cikin 250, idan ka ƙyale kwana biyar, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 39. Akwai ɗan injin da ke yin cikon da kansa, kuma a yanayinmu ina ɗaukarsa cikin kayan dole.

Duba kayan

Ba a cinikin biri a sama. Ka je da kanka, kuma ka roƙi a bar tankin cike yana aiki har ka iso. Hoto da bidiyo ba sa nuna yoyo, ni ma daga nan ba zan iya yanke maka hukunci a kan gilashin da ban shafa ba.

Idan na je duba tanki, da silikon nake farawa, wato roban da ya haɗa gilasan. Ba na damuwa sosai da leɓen da ke cikin kusurwa idan ya ɗan ɓantare, wannan mai goge gilashi ne ya ci shi. Siririn layin da ke tsakanin gilashi da gilashi nake haskawa da tocila, domin shi ke riƙe nauyin. Idan ya yi fari-fari, ko kumfa ta jeru a cikinsa, ko ka ga ruwa ya kutsa, bar tankin ko da kyauta ne. Gyaransa sai an wargaza gilasan duka an kankare an sake haɗawa, sabon silikon ba ya kama tsoho. Shekara huɗu ba tsufa ba ne ga tankin da aka haɗa da kyau, amma tambayi ko shi ma a hannu ya saya, da ko an taɓa barinsa a bushe cikin rana. Bi gefuna da yatsa kana neman ɓallewa, musamman kusurwoyin ƙasa. Auna kauri: tanki mai tsawon mita ɗaya da tsayin santimita 50 ya kamata ya zama milimita 10, ko 8 idan akwai gilashin ɗauri a bakinsa. Ƙarzuwa ba ta kawo yoyo, muni kawai gare ta, sai dai ta zama hujjar neman ragi.

Leƙa ƙarƙashi. Farin ɓawon gishiri a kan mahaɗar bututu alamar yoyo ce a hankali. Teburin idan na katakon gari ne da aka matse, kuma ƙafarsa ta kumbura, ya gama aiki. Na ƙarfe kuwa duba tsatsa a wurin walda. Tankin nan da ruwansa da duwatsunsa zai doshi kilo 400, buhun siminti takwas ke nan a kan tebur ɗaya.

Daga nan sai gwajin da ya fi shafar mu: ce wa mai tankin ya kashe wutar duka kana tsaye. Ruwan sama zai gangaro tankin ƙasa. Kalli inda zai tsaya. Idan ya cika ya tumbatsa, ko ya rage kaɗan, to duk ɗauke wuta sai ka kwashi ruwa a ɗaki. Bayan minti biyar a kunna, ka ga ko kowane famfo ya tashi da kansa. Wanda sai an buga shi ko an juya shi da yatsa, farfelarsa ta cinye ko farar ƙasa ta daskare a ciki. Jiƙa shi cikin ruwan khal na 'yan awoyi yana narkar da daskararren farin, amma ba ya mayar da abin da ya cinye.

Karanta takardar da ke jikin kowane inji. Wutarmu bolt 230 ce. Mutanen da suka zauna waje sukan zo da kayan Amurka masu bolt 110 zuwa 120, kuma irin waɗannan ko da taransifoma ba duka ke tafiya daidai ba. Fitila idan LED ce, a kunna kowane launi shi kaɗai ka ƙirga ƙwayoyin da suka mutu, ka saurari fankarta. Idan dogayen ƙwai ne na T5, ana canja su kusan duk shekara, ka tambayi kanka inda za ka samu. Tsohuwar fitilar halaid mai zafi kamar murhu kuwa ba ta ƙasarmu ba ce. Hita, sayi sabo. Kada ka ce Sakkwato ba ta buƙatarsa, daren Disamba da Janairu yana sauke ruwa ƙasa da 24, kuma tsohon hita idan ya maƙale a kunne dafa tanki yake yi. Ruwan gwaje-gwaje na kwalba suna da ranar lalacewa, duba ta.

Tambayoyi biyu ka yi masa ido da ido. Na farko, ko ya taɓa zuba maganin kifi mai tagulla a cikin wannan tanki. Duwatsu da yashi suna shanye tagulla su riƙa sakinta a hankali, ita kuma tana kashe murjani da jatanlande da katantanwa ko da kaɗan ce. Idan ya ce e, gilashin zai wanku, duwatsun kuwa a bar su. Na biyu, yaushe kifi ya mutu masa na ƙarshe, kuma da wace alama. Ɗige-ɗigen fari kamar an barbaɗa gishiri a jikin kifi cuta ce da ƙwayarta ke laɓewa cikin duwatsu da yashi, kuma masu kiwo sukan bar tanki kwana 76 babu kifi kafin su amince ta ƙare.

Duwatsu, yashi da masu rai

Yashin shekara huɗu kada ka ɗauko shi. Ƙasansa cike yake da ruɓaɓɓen datti, da an motsa shi za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma wannan iskar guba ce ga kifi.

Duwatsun su ne matatar tankin ta gaskiya, domin a ramukansu ƙwayoyin bakteriya ke zaune suna mayar da amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta zama naitirait, naitirait kuma naitiret mai sauƙin illa. Darajarsu tana nan ne muddin suna jiƙe kuma ba su dahu ba. Daga Abuja zuwa Sakkwato tafiyar yini ce a mota, kuma a bayan mota cikin rana yawancin abin da ke jikinsu zai mutu ya ruɓe. Ga kuma abin da suke zuwa da shi. Haska su da dare: idan ka ga wasu ƙananan halittu masu ruwan ƙasa, masu siraran hannuwa, suna nutsewa cikin rami da an taɓa su, aiftasiya ce, tana harbin murjani tana yaɗuwa kamar ƙaiƙayi. Haka gansakuka mai siffar koren ƙwallaye masu sheƙi da mai siffar koren gashi kamar gashin tsuntsu, su ma yaɗuwa suke yi. Ga wanda zai fara, na fi son a ɗauki duwatsun a matsayin matattu: a jiƙa su mako guda cikin ruwa kashi goma da bilic kashi ɗaya, a waje, a ɗauraye sau da yawa, a shanya a rana har warin ya ɓace sarai. Ranar shanya dai ba mu rasa ta ba.

A nan akwai gargaɗin da ba na wasa da shi. Wasu murjanai masu kama da ƙananan furanni a jere, dangin zowantid da falitowa, suna ɗauke da dafi mai tsanani da ke shiga ta rauni, ta ido, ko ta numfashi. Kada a tafasa dutsen tanki, kada a zuba masa ruwan zafi, kada a kankare shi a cikin ɗaki. Sa safar roba da tabarau, ka kori yara daga wurin. Kuma kada bilic ya haɗu da ruwan khal, hayaƙin da suke fitarwa yana sarƙe numfashi.

Kifi shida da murjanin da suka saba da hannun mutum ɗaya shekara huɗu, a ce su yi yini a leda, su sauka cikin tankin da matatarsa ta mutu, a hannun wanda bai taɓa auna gishiri ba, asara ce da zalunci a haɗe. Shi ya sa na ce a bar su can.

Ɗauko gilashin kuwa ba wuya idan an bi a hankali. Ɗauki hoton bututun kafin a kwance. A kwashe komai, ko tafin hannu na ruwa ko yashi kada a bari, domin ɗaga tanki da nauyi a ciki ne ke buɗe silikon. A cire bututun da ke ƙasansa, mutum huɗu su ɗauka ta gindi, a zaunar da shi kan katifa, ba kan teburinsa ba, a kewaye da soso a ɗaure. Da ya iso, ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri a inuwa, shimfiɗa jarida a kewaye, cika da ruwan famfo ka bar shi awa 48. Gwajin Abuja ba ya wadatarwa bayan ramukan hanya.

Wurin zamansa ya yi nesa da taga da bangon yamma, a kuma daidaita teburin da ma'aunin magina. Soket ya kasance sama da inda ruwa zai iya fantsama, kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, mai gyaran wuta kuma ya sa maka na'urar da ke yanke wuta idan ta zuba cikin ruwa. Abu ɗaya da littattafan waje ba sa kawowa: sikima iskar ɗaki take zuƙa ta cusa cikin ruwa. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa guba ne ga kifi da jatanlande, don haka ɗakin tanki ba a fesa shi. Turaren wuta ma a yi nesa da shi. Wannan magana ce da ya kamata ka yi da uwargida tun kafin tanki ya shigo.

Bayan ka haɗa ruwan gishiri ka jera duwatsu da sabon yashi, zuba ɗan abincin kifi ko bakteriyar kwalba, ka bar injuna suna aiki fitila a kashe. Auna duk kwana uku. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirait ta biyo ta, cikin mako 4 zuwa 6 su biyun su koma sifiri. Sannan ne kifi biyu za su shiga, kuma na fi son ƙananan nan masu ruwan lemo da farin ɗamara, waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona ba a teku aka kamo ba. A turo su ta jirgi zuwa filin Sultan Abubakar III cikin akwatin soso, tsakanin Nuwamba da Janairu.

Murjani ya jira har tankin ya ƙetare watan Afrilu guda kana rubuta zafinsa kullum bai wuce 27 ba. Idan ya ci wannan, fara da masu taushi, irin su mai kama da laimar kwaɗi da mai kama da fata, su ne ke jure kuskure. Lokacin ne za ka fara bin sinadaran da murjani ke buƙata da ruwan gwaji: alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, tsakanin 7 da 9, kalsiyam 400 zuwa 450, magniziyam wajen 1,300. Masu ƙashi masu rassa irin Akrofora ba na shekarar farko ba ne.

Game da farashi, rabin kuɗin sabo da ya faɗa maka ya haɗa da kifi da murjani da yashi, waɗanda ba za ka ɗauka ba. A cire su. Sannan rubuta abin da za ka saya sabo, hita, cila idan babu, matatar ruwa da famfonta, gishiri, ruwan gwaji, ƙarin batir, da kuɗin mota, ka nuna wa yayanka takardar kafin ya kira abokin nasa.